Kukun da Jirgi Ya Bari a Tilbury

Ina cikin raba magungunan safe wata abokiyar aikina, 'yar Jamaika, ta leƙo ta ce in na gama in zo in saurari wani abu. An kawo wani dattijo daga ƙaramin asibitin da ke can bakin kogi, zazzaɓi ya rufe shi, sai surutu yake yi da wani yare. Ita dai kunnenta ya gaya mata irin yaren ne da take jin ina yi a waya lokacin hutu.

Ni nas ce a ɓangaren masu ciwon jijiyoyin jini na wani babban asibiti a gabashin Landan. Na daɗe a wurin, amma Hausawan da na yi jinya a wannan ɓangare ba su da yawa, don haka ban sa rai ba. Na zaci Bafillacen Gini ne, ko wani mutumin Somaliya.

Na same shi kwance, dogo, baƙi, gemunsa fari fat, gumi ya jiƙa matashin kai. An ɗaga ƙafarsa ta hagu an naɗe, kuma tun daga bakin labule hancina ya gaya mini halin da ƙafar take ciki. Idonsa a rufe yake ta maimaitawa: "A ɗaure tukunya. Ruwa ya tashi, a ɗaure tukunya, mai zai zube."

Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Sannu Baba. An ɗaure tukunyar, ka kwantar da hankalinka."

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai wane ne? Kai Bahaushe ne?"

Nan na gane mutumin Gana ne. Hausar zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne, kowa "shi" ne. Har muka rabu bai taɓa ce mini "ke" ba, ni ma na saba har na daina ji.

Da zazzaɓin ya sauka na samu labarinsa. Kuku ne a wani jirgin ruwa na ɗaukar kaya, ɗan zangon Takoradi. Tun yana saurayi yake bin jirage, yanzu ga shi ya haura sittin. Bayan sun bar gaɓar Afirka ta Yamma teku ya yi fushi wata rana, mai mai zafi ya fantsamo masa a kan yatsun ƙafa. Yana da ciwon suga, ya kuma san abin da hakan yake nufi, amma ya ɓoye. Tsoronsa kada kyaftin ya ji ya sauke shi a tasha ta gaba, domin a shekarunsa in ya sauka babu mai sake ɗaukarsa. Sai ya riƙa shafa man kaɗanya yana ɗaurewa da tsumma, ya sa takalmin aiki ya ci gaba da ciyar da mutanensa. Suna shiga kogin Thames ya yanke jiki ya faɗi a kicin. Jirgin ya sauke kayansa a tashar Tilbury da ke bakin kogin, ya ɗauki wasu, ya kama hanya. Jirgi ba ya jiran kowa, shi da kansa ya gaya mini haka, kuma babu ɗaci a muryarsa.

Yana jin Turanci sosai, amma likitan tiyata ya roƙe ni in tsaya ranar da za a gaya masa hukuncin da aka yanke, in maimaita masa da harshensa. Na sha tsayawa a irin wannan wuri, sai dai ban taɓa faɗin kalmomin da Hausa ba. Da Turanci suna fita ne kamar aiki. Da Hausa sai na ji kamar mahaifina nake gaya wa.

"Daga ina za su yanke?" ya tambaye ni.

"Ƙasan gwiwa, Baba. In an bar ta, dafin zai hau jiki."

Ya dubi silin. "Mutum mai ƙafa ɗaya zai iya tsayuwa a kicin, jirgi yana rawa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni na sani," in ji shi. Sannan ya ce, "To, a yi da sunan Allah. 'Yata, nuna mini gabas. A jirgi sai in hau sama in tambayi mai riƙe da tuƙi, nan kuwa ban san wanda zan tambaya ba."

Na nuna masa kusurwar da ke wajen taga. Washegari na kawo masa ɗan dutse daga lambun gidanmu don taimama.

An yi aikin lafiya. Da lokacin sallama ya matso, wakilin masu jirgin ya zo da shirin ajiye shi a wani otal kusa da filin jirgin sama, har ciwon ya warke a gwada masa ƙafar roba. Ba mugun shiri ba ne, amma na kasa daina tunanin dattijon nan shi kaɗai a ɗaki, ba mai ce masa ina kwana. Na gaya wa maigidana. Shi direban bas ne, mutum mara yawan magana. Ranar hutunsa sai ya shirya ya tafi asibitin dubiya. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo yana cire takalmi ya ce, "A gyara ɗakin ƙasa. Ba sai ya hau bene ba."

Gidanmu a Catford yake. 'Ya'yanmu sun girma, babbar tana gidan mijinta, ƙaramin yana jami'a a wani gari, don haka wuri ba matsala ba ne. Wakilin bai ƙi ba, asibiti ma suka amince tun da akwai nas a gidan.

Makonnin farko sun yi nauyi. Ba ya ƙorafi, amma ba ya cin abin kirki, kuma da safe idonsa yakan nuna bai yi barci ba. Na tambaye shi ko ciwon ne. Ya ce ba ciwon ba ne, gadon ne ba ya motsi, gidan kuma shiru ya yi masa yawa. Ya saba da gurnanin inji a ƙarƙashinsa, in injin ya yi shiru a teku to akwai matsala. Daga baya na lura duk lokacin da na kunna injin wanki sai ya turo kekensa na marasa lafiya zuwa kicin ya zauna kusa da shi, ba a jimawa sai gyangyaɗi. Na koma raba wankin gida kashi-kashi don injin ya riƙa aiki kullum.

Akwai abin da ya dame ni fiye da rashin barcin. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya gare shi a Takoradi, tana kiransa a kai a kai. Ina jinsa yana ce mata ɗan gyambo ne, ya kusa warkewa, zai koma aiki. Na yi masa magana sau biyu. Na biyun ya ce, "'Yata, bari sai na tsaya da ƙafata tukuna. Ba na son shi ya gan ni a zuci ina zaune." Ban sake tayar da zancen ba.

Zaman kicin ne ya dawo da shi. Wata rana ina yanka albasa ya kasa daurewa ya ce in miƙo masa wuƙar. Ya gwada kaifinta a farce, ya girgiza kai, ya wasa ta a gindin kofin shayi. Daga ranar girkin gidan ya fara fita daga hannuna. Muka sauko masa da katakon yanka a kan cinya, maigidana ya sayo ƙaramin murhun lantarki ya ɗora a kan teburin da ya yi daidai da keken. Ya aike ni shagon 'yan Gana na sayo karan dafi, ya dafa mana wake da shinkafa irin nasu, jajaye, da baƙin yaji mai kifi wanda ya ɗauke shi wuni guda yana juyawa. Ko a gidan ba ya cika tukunya, rabi yake zubawa, kuma komai ya taɓa sai ya mayar da shi wurinsa nan take ya tokare.

Bayan cin abincin yamma shi da maigidana sukan zauna hira. Yana kiransa "surukina". Maigidana ya san titunan Landan kamar tafin hannunsa, amma bai san bakin tekun ƙasar ba. Baba kuwa bakin tekun kaɗai ya sani. Ya kewaye ƙasar nan ta teku ban san sau nawa ba, kuma kowace tasha da abin da ya riƙe ta da shi. Liverpool ruwan sama da jiran ƙofofin ruwa su buɗe. Hull iska mai shiga ƙashi, amma a can yake samun kifi mai kyau. Southampton manyan jiragen 'yan yawon shaƙatawa, farare kamar unguwa guda tana tafiya, da motoci sababbi jere har iya ganinka. Felixstowe ba ya sonta, domin kafin ka wanke tukwane ka sa riga an gama sauke kwantenonin an ce a tashi. Tilbury kuma ruwa ne mai launin kunu, da hazo, da ƙamshin katako.

In ya juya gida sai muryarsa ta canza. Tema, Lome, Kwatano, Apapa inda sukan daɗe a kan anga suna hangen fitilun Legas ba damar shiga. Ya ce daga Dakar har Duwala babu tashar da ya fita ƙofarta ya yi sallama da Hausa aka rasa mai amsawa, ko mai shayi, ko mai tsire, ko ɗan canji. Amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakansa ne ya fito daga Kano fataucin goro, ya yi ta gangarawa kudu har ƙasa ta ƙare masa, ya zauna.

"Kai kuma daga ina?" ya tambaye ni.

Na ce Katsina.

"Da gaske ne babu ruwa a can?"

Na ce akwai rijiya, akwai kududdufin bayan gidanmu da ke cika da damina, wanda aka hana mu zuwa. Ya yi dariya har da tari. Gaskiya kuwa ni har lokacin ban taɓa tunanin kogin nan da nake tsallakawa kullum zuwa aiki yana da wani amfani ban da hoton 'yan yawon buɗe ido ba. Manjan da nake saye, da doyar, da duron kayan da nake aikawa gida kafin azumi, ban taɓa tambayar ta ina suke bi ba.

Wata Juma'a muka kai shi masallacin Regent's Park. Maigidana ya ce ba a mota za mu je ba, a bas, don ya ga garin. Ya zauna a wurin masu keke yana kallon gine-gine da cunkoson titin Aldwych. Sai da muka zo kan gada a dawowa ya miƙa wuya ya leƙa ƙasa, ya ce, "Ruwa yana janyewa." Abin da ya fi jan hankalinsa ke nan a duk tafiyar, sai kuma wasu 'yan Nijar da ya samu a harabar masallacin suka tsaya suna gaisawa kamar sun san juna.

Da sanyi ya fara sauƙi aka ba shi ƙafar roba. A wannan tsakanin ne wani abokin aikinsa ɗan Filifin ya aiko masa da saƙo a waya cewa jirginsu zai sake shigowa Tilbury. Daga ranar Baba ya canza. Mai koya masa tafiya ta ce ya bi a hankali, fili kawai, ban da matakala. Shi kuwa da na fita aiki sai ya kama benenmu, hawa da sauka. Na gane ne da na ga dungun ya yi ja ya fara saɓulewa. Na yi masa faɗa irin na nas, ya saurare ni har na gama.

"Tsanin jirgi ya fi wannan tsayi," ya ce. "In na hau shi da kaina, kyaftin zai gani."

Ban ce masa likitan masu jirgi ba zai taɓa yarda ba. Ina jin ya sani. Na wanke wurin na sa magani, na ce aƙalla ya riƙa jira sai surukinsa yana gida.

Ranar da jirgin ya iso muka ɗauki hutu mu biyu. Baba ya sa farar riga da ya goge da kansa, da hula. Ba a shiga tasha haka kawai, amma akwai wani fada, limamin coci, mai kula da gidan hutun ma'aikatan jirage a can, wanda ya riƙa zuwa duba Baba tun yana asibiti. Shi ya nema mana izini, ya tare mu a ƙofa ya ba mu riguna masu ƙyalli da hulunan kwano, muka shiga motarsa.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Kwantenoni jibge kan juna kamar gidajen bene, ja da shuɗi da kore, tituna a tsakaninsu. Injinan ɗaga kaya masu dogon wuya suna ɗaukar kwantena guda kamar an ɗauki akwatin ashana. Ƙarar ƙarfe ta ko'ina, ga tsuntsayen teku suna kuka, ga warin baƙin mai da laka. Mutane kuwa 'yan kaɗan ne, nan ɗaya can ɗaya. Da muka zagayo wani dogon sito sai ga jirgin. Na ɗauka bango ne, sai da na ɗaga kai na ga igiyoyi masu kaurin cinya sun sauko daga samansa.

An riga an sauke yawancin kayan, ruwa kuma ya cika, don haka jirgin ya taso sama sosai. Tsanin ya miƙe a jikinsa, siriri, da igiya a gefe. Baba ya fito daga mota, ya ba ni sandarsa, ya taka zuwa gindin tsanin. Maigidana ya bi bayansa dab da shi. A can sama wasu sun leƙo suna ɗaga hannu suna kiran "Papa".

Ya kama igiyar ya hau matakin farko, ya hau na biyu. Ya ci gaba kaɗan. Wani ƙaramin jirgi ya wuce a kogin, igiyar ruwansa ta zo ta taɓa babban, tsanin ya ɗan yi lilo. Ba wani motsi ba ne, mai ƙafa biyu ba zai ma kula ba. Na ga ƙafar robar ta goce, na ga ya rungume igiyar da hannu biyu. Ya tsaya a haka, kansa a sunkuye. Sannan ya fara saukowa da baya, mataki-mataki, maigidana yana tallafe da ƙugunsa. Da ya taka ƙasa ya karɓi sandarsa daga hannuna ya ce, "Ya isa."

Su ne suka sauko. Duk wanda ba ya kan aiki ya sauko, 'yan Filifin da Indiyawa da wani dogon Bature mai kula da inji, daga baya kyaftin ɗin da kansa. Suka kewaye shi, wannan ya rungume shi, wancan ya kama hannunsa ya ƙi saki. Wanda ya aiko masa da saƙon yana ta share ido da hular aikinsa. Suna ba shi labarin wanda ya yi aure, da wanda aka haifa wa 'ya, da yadda suka rame bayan tafiyarsa. Sabon kukun, wani Ba'indiye mai kunya, ya sauko da jakar Baba da dardumarsa, da wuƙaƙensa a naɗe cikin ƙyalle. Ya ce bai taɓa su ba. Baba ya warware ƙyallen a kan murfin mota, ya zaɓi ƙarama guda ya sa a aljihun jaka, ya naɗe sauran ya miƙa masa. Ya gaya masa da Turanci cewa murhun hagu yana da zafi fiye da abin da yake nunawa, kuma mai kula da injin nan ba ya cin yaji, ko da ya ce yana ci.

Ba mu daɗe ba, aiki yana jiransu. Fadan ya ce in muna so akwai wurin da za mu tsaya a bakin kogi mu ga fitar jirgin da yamma. Baba ya yi masa godiya ya ce a'a, ya sha ganin jirgi yana fita.

A hanyar dawowa yana gaba kusa da maigidana, ni ina baya. Sai da muka tsallaka kogin ya miƙo mini wayarsa ta kan kafaɗa ya ce, "'Yata, kira mini shi."

Na kira 'yar tasa na mayar masa. Suka gaisa, ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Ka zauna, zan gaya maka magana. Ba gyambo ba ne. An yanke ƙafan tun tuni. Na gama da ruwa, ina zuwa gida."

Ina jin kukanta daga inda nake. Ya bar ta ta yi, yana cewa "Ya isa, ya isa, da raina." Da ta natsu ta tambaye shi wace ƙafar ce, kuma wa yake dafa masa abinci. Ya ce ta hagu ce, abinci kuwa shi yake dafa wa mutane. Ya ba ni wayar, ta yi ta godiya tana sa albarka. Bayan an kashe ya juya ga maigidana ya ce, "Surukina, gobe ka kira masu jirgin nan su yi mini booking na jirgin sama."

Bai kai ga azumi a wurinmu ba. Mun raka shi filin jirgin sama da akwati biyu, ɗaya kusan duk magunguna ne da safar dungu da na tara masa. Maigidana, wanda ban cika ganin hawayensa ba, ya ce zai je ya duba mota, bai dawo ba sai da Baba ya shige.

'Yar tana da rumfar abinci kusa da ƙofar tashar Takoradi, direbobin manyan motoci da 'yan dako ne masu cinikinta. Can yake wuni yanzu. Da farko yakan kira mu duk Juma'a, daga baya kiran ya ja baya, muka fara damuwa. Sai ga shi wata rana yana ta kewaye-kewaye, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, kafin ya fito da maganar. Ya yi aure. Wata bazawara ce mai sayar da koko da ƙosai a rumfar da ke kusa da tasu. Maigidana ya ce ai bai kyauta ba, a ɗaura aure ba a gaya wa suruki ba. Muka aika da turare da atamfa ta hannun wani mai tafiya.

Amaryar ta karɓi lambata. Mace ce mai tambaya, ba ta yi boko ba amma ba ta mantuwa. Ta tambaye ni yadda ake wanke dungun in zafi ya yi yawa, da alamun da za ta duba a ɗaya ƙafar, da abin da ya kamata ta hana shi ci. Na ce ta duba tsakanin yatsunsa kullum da safe, ko ya yarda ko bai yarda ba. Yanzu ita ce mai kira, yawanci ranar Lahadi bayan la'asar. Mukan gama maganar ƙafa mu shiga ta jikoki da tsadar wake, sai can in ji muryarsa daga gefe yana cewa a ba shi wayar shi ma ya gaisa.